Robar Yajin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da babbar Sallar shekarar da matata ta tafi aikin Hajji ba, ko da kuwa na so in manta, don akwai mutanen da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min duk ranar da aka soya nama.

Ni ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya a nan Abuja, kuma ba yabon kai ba, bakina yana aiki. In mitin ya cije, ni Oga yake waiwayowa ya kalla. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da in na tsaya gabanta sai bakin ya mutu murus, ita ce Hajiya, mahaifiyar matata. Ba faɗa gare ta ba, baiwar Allah. Tarbiyyar gidanmu ce haka: suruka ba a haɗa ido da ita, ba a cin abinci a gabanta, ba a ce mata "ke". Tunda na auri 'yarta ban taɓa ce mata "kin tashi lafiya" ba, sai dai "an tashi lafiya", kamar ɗakin nake gaisarwa. Ita ma ba ta kama sunana, sai "Malam". In zan ba ta wani abu ba na miƙa mata hannu da hannu. Ajiyewa nake a bakin ƙofarta in sulale, washegari ta yi godiya tana kallon bango. Haka muke zaune lafiya lau, kowa yana yabon tarbiyyar ɗan'uwansa a bayan idonsa.

'Yarmu ta fari sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa muke kiranta Walida, ita kuma Hajiya ta ce "takwara". Yarinyar nan ta sha wuya. Tun kafin ta shiga firamare ciki ya sa ta gaba: kumburi, zawo da ba ya jin magani, rama, ga ƙarancin jini. Sa'anninta suna ta tsawo, ita tana nan inda take. Mun ba ta maganin tsutsa, mun ba ta na taifot (wanda a garin nan kowace cuta da shi ake fara yi mata sallama), mun ba ta rubutu. Sai a asibitin koyarwa da ke Gwagwalada wata likitar yara ta ce a yi wani gwajin jini, daga baya aka zura siririn bututu ta baki aka ɗebo ɗan mitsitsin nama daga hanjinta. Da sakamako ya fito, sai aka faɗa mana sunan da ban taɓa ji ba: siliyak.

Likitar ta zaunar da mu ta yi mana bayani a tsanake. Ta ce cikin hanjin mutum ba sumul yake ba, gashi-gashi ne da shi kamar sabon tawul, kuma wannan gashin ne yake tsotse amfanin abinci. A cikin alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin. In ya shiga cikin mai siliyak, sai garkuwar jikinsa ta ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ta yi ta kai hari har ta aske gashin nan. Abinci ya shiga ya wuce, jiki bai samu komai ba. Na ce, to Dakta, sai a rubuta mana magani. Ta ce babu ƙwaya, babu allura. A bar alkama da danginta, a bar ta har abada, ko ɓurɓushi.

Ni da iyayina sai na ce, "Alkama kuma? Ai mu ba Turawa ba ne, tuwo muke ci."

Ba ta yi musu da ni ba, murmushi kawai ta yi. Sai da na koma gida na buɗe kabad ɗin kicin na ga burodi, taliya, biskit, cincin, fulawar fanke, har ɗanwaken da nake taƙama da shi ashe da fulawa ake haɗa shi. Na rufe kabad ɗin a hankali.

Maman Walida ta ɗauki abin yaƙi. Ta ware wa yarinyar tukunyarta da ludayinta, aka koma shinkafa, masara, acca, doya, fura. Cikin 'yan watanni kumatu suka fito. Ranar da Walida ta ce takalmin makarantarta ya matse ta, wallahi sai da na shiga ɗaki na share ido.

A wannan tsakanin ne likitar ta tambaye mu ko za mu yarda Walida ta shiga wani bincike da take yi da abokan aikinta. Ta ce mutane da yawa suna gadon abin da ke sa jiki ya iya kamuwa da siliyak, amma su ci burodi har su tsufa ba abin da ya same su, 'yan kaɗan ne kawai ke kwantawa. Me ya bambanta su? Abin da suke zargi shi ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanjin kowa, waɗanda ba su ƙirguwa. Wasunsu kamar suna taimaka wa bangon hanji ya kasance a matse, kada abin da bai kamata ba ya ratsa shi. Wasu kuma mai yiwuwa su ne ke sassauta shi, gutsattsarin gulutin su samu hanya su tsokano garkuwar jiki. "Ba mu tabbatar ba tukuna," in ji ta, "shi ya sa muke nema." Na ji daɗin likitan da ya iya cewa bai sani ba. To amma ta ina ake ganin waɗannan halittu? Ta bayan gida. Na yarinya, da na duk wanda ke cin abinci a gida ɗaya da ita, don a gwada a ga bambanci. Muka yarda. Na yi nawa da mutuncina, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Sai kujerar Makka ta fito wa Maman Walida. Hajiya ta taso daga Zariya ta zo riƙe mana gida a Durumi. Na je tasha ɗauko ta, ina loda kaya a but ɗin mota sai hannuna ya faɗa kan wani ƙullin buhu mai nauyi. Ko ban buɗe ba na san alkama ce. Hajiya gwanar alkaki ce, duk danginsu babu amaryar da aka kai gara ba da alkakinta da dubulan ɗinta ba. Wasu tsofaffin da baki suke nuna so, ita da hannu take nuna nata, kuma hannun nan alkama ya sani.

Kafin matata ta tashi ta ce mata, "Hajiya, likita ta hana Walida alkama." Hajiya ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe." Shi ke nan maganar ta ƙare. Abin da ba mu lissafa ba shi ne, ita ma Hajiya likita ya hana ta gishiri da sukari tun tuni, kuma ta san yadda ake zama da hanin likita: a rage, a ɗan taɓa, a ce bismillah.

Ba a daɗe ba na fara ganin alamu. Cikin Walida ya soma tasowa, zirga-zirgar banɗaki ta dawo, malamarsu ta ce tana gyangyaɗi a aji. Wata ranar na taso ofis da wuri, ina zuwa bakin ƙofa na jiyo muryar Hajiya ta taga: "Ungo takwara, ɗan guntu ne. Cinye kafin Malam ya dawo."

Me kuke tsammani na yi, ni uban yarinya? Tari na yi. Na yi tari mai ƙarfi, na daɗe ina goge takalmi a bakin ƙofa, na rangaɗa sallama, na ba su isasshen lokaci su ɓoye abin da za su ɓoye. Sannan na shiga na rusuna na ce, "An wuni lafiya?" (Ku yi min duk dariyar da za ku yi, ni ma na yi wa kaina wadda ta fi ta.) Na gaya wa kaina gobe zan yi magana. Goben ta zo, na ce bari a samu lokacin da ya dace. Ta yaya za ka dubi tsohuwar da ta baro gidanta don ta riƙe maka 'ya'ya, ka ce mata abin da ta fi iyawa a duniya shi ne yake cinye jikarta?

Da ranar komawa asibiti ta zo, aka ɗora Walida a sikeli, ta ragu. Likitar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wa ya zo gidan?" Na ce kakarta. Ta gyaɗa kai, da alama ba ni ne farkon wanda ya kawo mata wannan labarin ba. Ta ce in kawo Hajiya ta yi mata bayani da kanta. Na ce a'a, ba sai an wahalar da tsohuwa ba, ni zan yi mata, ai bayani aikina ne. Sai ta buɗe durowa ta miƙo min irin 'yar robar nan ta gwaji: fara tas, mai shuɗin murfi, da ɗan ƙaramin cokali manne a cikin murfin. Ta ce tunda kakar tana ci tare da su yanzu, za su so nata ma, in ta amince bayan an yi mata bayani. Ta ƙara da cewa, "Amma maganar alkama ta fi ta robar muhimmanci. Ita za ka fara yi."

Tun daga Gwagwalada nake tsara jimla a raina. Na wuce Giri ina "Hajiya, dama likita ce ta ce", na wuce Lugbe ban samu abin da zai biyo bayan "ta ce" ba. Duk kalmar da na ɗauko sai in ji ba ta shiga bakin suruki. Na kira matata in ɗora mata nauyin, na same ta muryarta a dashe, ta ce yanzu ta fito daga ɗawafi, ta yi wa kowa addu'a har da ni. Ta ce, "Ya Walida?" Na ce, "Lafiya lau." Mutum yana gaban Ka'aba ka ɗauko masa maganar bayan gidan mahaifiyarsa? Na kashe waya.

Nan ne wata dabara ta faɗo min, har na ji ina sha'awar kaina. Na ce zan ajiye robar a bakin ƙofarta kamar yadda na saba ajiye komai. Za ta gani ta rasa gane kanta, ta aiko a tambaye ni ta mece ce. Ka ga ita ta buɗe maganar ke nan, ni amsawa kawai zan yi, daga nan sai in zarce kan alkama. Amma da na zo ajiyewa sai na ga robar ita kaɗai ta yi tsirara da yawa, ba ladabi. Sai na haɗa mata da goro fari da kwalbar turare, na ɗaure a leda mai kyau.

Washegari na durƙusa gaisuwa, Hajiya tana kallon bango ta ce, "Malam, an ga saƙo. Allah ya yi albarka. 'Yar robar nan kuwa masu hikima ne suka yi ta."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina, ka ga manya ke nan, ba sai an yi musu dogon turanci ba. Wataƙila Walida ce ta gaya mata, wataƙila ta taɓa gani a asibiti. Na tafi ofis ina jin kaina wani gwanin diflomasiyya. Na zauna jiran ranar da zan ga leda a bakin ƙofata, ban tambaya ba, don ai ba a gaggauta wa babba a irin wannan lamari. Maganar alkama kuwa na ce a bari Sallah ta wuce tukuna.

Washegarin Sallah, ranar suyar nama, gidan ya cika da ƙamshi tun safe. Kawu Sule ya zo daga gonarsa ta Kwali. Ƙanin Hajiya ne, kuma shi ne waliyyin da ya ba ni aure, mutum ne da ko dariya zai yi sai ya yi shawara da gemunsa. Sai ga maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, nas ce, mutuniyar Filato. Duk Kirsimeti shinkafarta da kaza sai sun shigo gidanmu, duk Sallah kuma ita ce ta farko a kan nama. Aka baje a falo. Ni ina gefe a takure da kofin ruwa, tunda Hajiya tana shiga tana fita ba halin in ci.

Kawu ya ɗanɗana nama ya ce, "Yaya, ina yajin nan naki? Wannan na kasuwa ba ya faɗa min komai."

Hajiya ta ce, "Af, na musamman yana ɗaki." Ta shiga ta fito.

Shuɗin murfin na fara hangowa. Wallahi da a ce ƙasa tana karɓar baƙi, da a ranar ta yi babban baƙo. Hajiya ta zauna kusa da ƙaninta, ta murɗe murfin cikin yanga, ta ɗebo jan yaji da ɗan cokalin nan ta barbaɗa wa Kawu. Ta sake ɗebowa ta barbaɗa a farantin Madam Rifkatu.

"Malam ne ya kawo min," in ji ta. "Ka ga har da cokalinta a jiki, ba ruwanka da neman cokali. In da hali ma a ƙaro min, in kai wa ƙawayena tsaraba."

Kawu ya kai loma yana gyaɗa kai. Madam Rifkatu kuwa naman ya tsaya mata a hanya, tsakanin faranti da baki. Ta dubi robar, ta dube ni, ta sake duban robar. Na roƙe ta da ido, roƙon da ban taɓa yi wa mahaluki ba. Baiwar Allah ta gane, ta cije leɓe, kafaɗunta suna rawa, ta ce a hankali da Hausarta ta 'yan Filato, "Mama, wannan roba, Oga ne ya ba ka?"

Da an tsaya nan da na tsira. Sai ga Walida ta shigo da gudu daga kicin, hannu duk maiƙo, ta yi turus ta washe baki.

"Laa, Hajiya, irin tawa ce! Wadda nake yin kashi a ciki a kai wa Dakta!"

Muƙamuƙin Kawu ya tsaya cak. Ban san lokacin da na miƙe ba, sai jin muryata na yi tana cika ɗakin: "Sabuwa ce! Wallahi tallahi sabuwa ce fil, ba a taɓa..."

"Ba a taɓa me ba?" in ji Kawu, bakinsa cike.

Madam Rifkatu ta yi ƙoƙarin ceto na. "Baba, gaskiya ne, na asibiti ne. Amma sabo yana da tsabta, ya fi wannan faranti ma." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan, ta tashi ta fice baranda, muna jiyo ta tana shiƙar dariya har da tari. Kawu ya dubi sauran naman da ke hannunsa ya daɗe, sannan ya ce, "To, ni dai na riga na haɗiye." Ya ajiye shi a gefen faranti.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta mayar da murfin ta rufe a hankali, ta ajiye robar a kan tebur tsakanina da ita.

"Malam, me ake so in zuba a ciki?"

Abin da na yi ta gudu a ɗaki, ni da ita kaɗai, shi ne na faɗa a falo gaban waliyyin aurena, gumi yana bin bayana. "Ba... bayan gida ne, Hajiya."

"Nawa?"

"Eh."

"Na me?"

Daga nan bakin ya ɓalle. Na faɗi na binciken, na faɗi na ƙwayoyin da ke hanji, na faɗi na tawul, duk a hargitse, gaba a baya. Madam Rifkatu ta dawo tana share hawaye, da ta ji inda maganar ta nufa sai fuskarta ta canza, ta zauna ta gyara min bayanin. Ta ce, "Mama, wannan ciwo ba kamar hawan jini ba ne da za a ce a rage gishiri. Ko kaɗan ta ci, hanjin zai ji ciwo, kuma yana daɗewa kafin ya warke."

Hajiya ta ce, "Ɗan guntun alkakin?"

Na ce, "Ko ɓurɓushinsa."

Ta kira Walida, ta ɗaga rigarta ta Sallah ta dubi cikin, ta danna shi da yatsa. Ta kama tsintsiyar hannunta ta zagaye da yatsu biyu, ta ga sauran fili. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa faruwa ba tun ranar ɗaurin aurena.

"Ranar da ka tsaya a ƙofa kana tari, ka ji mu?"

Ashe ta sani. Na ce na ji.

"Ni kuwa da na ji ka yi shiru, sai na ce ashe ba wani abu ba ne. Na ce tunda uban ya gani bai tanka ba, tsoron 'yan boko ne kawai. Har ƙara mata na yi." Ta saki hannun Walida. "Kunyata ta fi maka cikin yarinyar nan, Malam?"

Kunyar robar ta tashi ta tafi a lokacin, wata ce daban ta zauna a wurinta, kuma wannan ba ta da abin dariya. Kawu ne ya yi gyaran murya ya ce a yi salati, aka yi.

Ana komawa aiki bayan hutun Sallah, Hajiya ta riga ni shiga mota. A gaban likitar nan na ga abin mamaki. Matar da nake ganin kalmar bayan gida za ta sa ta suma, ita ce take tambaya ɗaya bayan ɗaya: launinsa fa, warinsa fa, in ya yi kumfa me ke nan? Ni ne na koma kallon silin. Da aka zo kan ƙwayoyin hanji ta ce, "Wato duk tsaftar nan da nake yi, da dabbobi nake yawo a cikina?" Likitar ta ce da su kowa yake yawo, kuma yawancinsu aiki suke yi mana. Hajiya ta ce ikon Allah, ko haya ba sa biya ashe aiki suke.

Sai ta gyara mayafi, ta yi tambayar da na san ita ta kawo ta.

"Ranar bikinta fa? Ba za ta ci alkakin garar ta ba?"

Likitar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce a yadda ilimi yake yau, ba za ta ci ba. Ko binciken nan da irinsa za su kai ga wani abu kafin lokacin, Allah ne masani, ita ba za ta yi alkawari ba.

"Nakiya fa? Ita da shinkafa ake yi."

"Nakiya ta ci har ta ƙoshi, in dai turmin da tukunyar ba su taɓa alkama ba."

Hajiya ta sauke numfashi. Ta ce, "To, ba ni wata robar. In abin da ke cikina zai amfani wani yaro, ku ɗiba. Waccan kuma na riga na saba da ita." Sauran alkamar Kawu ne ya tafi da ita Kwali. Da matata ta dawo, ba ni na ba ta labari ba, tun a filin jirgi Madam Rifkatu ta riga ni ta waya.

Cikin Walida bai sauka da wuri ba. An ɗauki makonni ana fama kafin sikeli ya fara komawa inda yake, kuma duk ranar da ta fito daga banɗaki tana riƙe da ciki, na san da hannuna a ciki. Wata ranar ina kai ta makaranta, mun tsaya a cunkoso, na tambaye ta abin da ya daɗe yana ci na. Na ce, "Walida, ke da kika san alkama tana sa miki ciwo, kin fi kowa sani, me ya sa kika karɓa kika ci?"

Tana kallon waje ta ce, "Ai ba a ce wa Hajiya a'a, Abba. Kai ma ba ka ce mata."

Motocin gaba suka motsa ban lura ba, har na baya ya fara yi min hon. Likitoci suna can suna wahalar gano abin da yarinyar nan ta gada a hanji, ga wani gadon da na ba ta da hannuna, ba sai an kai shi ɗakin gwaji ba. Ita kuwa rayuwarta gaba ɗaya za ta yi ta ne tana cewa a'a: ga malama mai raba biskit, ga gwaggo mai cincin, ga uwar ƙawa, wata rana ga tata surukar. In ba ta iya ba, jikinta ne zai biya.

Tun daga ranar muka mayar da hanyar makaranta wurin atisaye. Ni ne tsohuwa mai alkaki, in lanƙwasa murya in ce, "Ungo 'yar nan, ɗan guntu ne." Ita kuma ta ce, "Na gode Hajiya, Allah ya saka, amma ba na cin alkama, tana sa min ciwo." Da ladabinta, da murmushinta, ba ta rage komai ba. Na koyi cewa ana iya rusunawa har ƙasa kuma a faɗi magana, abin da na kai shekara arba'in ban sani ba. Wani lokacin takan ce mu yi musaya, ita ce Hajiya ni ne mai ƙi. Ita tun a karon farko ta iya. Ni har yanzu sai ta ce, "Abba, ɗaga murya, ba a jin ka."